Zuwa ga abokan cinikinmu, game da yankewar kayan ƙwalamar karnuka

Ya ku abokan hulɗarmu masu daraja,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku da karnukanku. Mun ga ya dace mu rubuto muku gaba ɗaya, domin saƙonni sun yi yawa, kuma amsa su ɗaya bayan ɗaya ta fara gagarar mu. Tambayar kusan iri ɗaya ce: ina kayan da muka biya, me ya sa biskit ɗin kifi da busasshiyar fatar kifi suka ɓace, ko dai kun rufe ne? Ba mu rufe ba. Muna nan, tandarmu tana nan, injin busarwa ma lafiyarsa lau. Kifin da za mu zuba musu ne ya yi wuya, domin wanda ake kawo mana yanzu hannunmu ba zai yarda ya taɓa shi ba.

Ga yadda abin yake. Dillalin da ya daɗe yana kawo mana kifi yana ɗauko shi ne a mota mai sanyi, kuma kuɗin man da motar take sha ya tashi. Wannan mun sani, mu ma muna sayen mai, ba mu zarge shi a kan haka ba. Abin da ya biyo baya ne matsalar. Ya fara haɗa kayan mutane da yawa a tafiya guda, tafiyar ta ƙara tsawo, ƙanƙarar da yake zubawa ta ragu. Kaya na baya-bayan nan da ya sauke mana, tun kafin a gama buɗe akwatin muka gane. Idon kifin ya dushe ya faɗa ciki, wurin da yake shaƙar numfashi a gefen kai ya bar ja ya koma ruwan ƙasa, in ka danna tsokar da yatsa sai ramin ya tsaya bai taso ba. A ƙasan akwatin kuwa ruwa ne kwance inda ya kamata a ga ƙanƙara. Muka ce ya kwashe abinsa. Amsar da ya ba mu ita ce, ai na kare ne. Wannan magana ta yi mana ciwo ƙwarai, domin shekarun da muka yi tare sun isa ya san da wa yake ciniki.

Wasu cikinku sun ce mana, to ai dafa shi za ku yi, wuta kuma tana kashe komai. Da ma haka ne, da ba mu tsayar da aiki ba. Kifayen da muke amfani da su, sardin da ƙaramin makarel, suna cikin masu saurin tara wani sinadari da ake kira histamin. Da zarar kifin ya mutu aka bar shi ya ɗumama sama da digiri 4 a ma'aunin Selsiyos, ƙwayoyin cuta sukan fara juya wani abu da yake cikin tsokarsa su mai da shi histamin. Wuta tana kashe ƙwayoyin, amma histamin ɗin da suka riga suka samar yana nan daram. Dafuwa ba ta rusa shi, gashi ba ya rusa shi, firiza ma ba ta rusa shi. Wani lokaci kifin ba ya ma wari, ka shinshina ka ji ƙarninsa na yau da kullum. Karen da ya ci irin wannan yana iya kamuwa da amai da gudawa da ƙaiƙayi, mai shi kuma ya rasa daga ina abin ya fito. Mu kuwa busar da kifin muke yi, ruwan ya fita, duk abin da yake ciki ya ƙara taruwa a ɗan guntu. Wanda ya ce mu rufe ido mu gasa, yana cewa ne mu sayar muku da ciwon ciki a leda mai sunanmu.

Tsadar ma ba jiya ta fara ba. A shekarar 2023 ƙasar Peru, wadda take cikin manyan masu samar wa duniya garin kifi da man kifi, ta soke zangon farko na kamun ƙaramin kifin ancobi saboda ɗumamar teku ta El Niño. Farashin man kifi ya yi tashin gwauron zabo a kasuwannin duniya, kuma duk mai sayen ƙananan kifaye masu maiƙo ya ji a jikinsa. An ce abin ya sassauta daga baya. Mu dai ba mu ga sassaucin a hannun dillali ba. Mun shanye wannan ƙari tsawon lokaci ba mu ce muku uffan ba, ga kuɗin wutar da firiza take ci dare da rana domin ta tsaya a digiri 18 ƙasa da sifili, ga injin busarwa da yake kwana yana aiki. Ba don a tausaya mana muke faɗa ba. Muna so ne ku san cewa abin ya daɗe yana taruwa.

Hanyoyin sauƙi suna nan, an kuma kawo mana su har ƙofa. Wani ya ce mu karɓi ragowar yankan tuna, ga araha ga yawa. Manyan kifaye masu cin 'yan'uwansu, irin su tuna da shak da kifi mai takobi, suna daɗewa a ruwa suna tara sinadarin makuri mai guba a jikinsu, karen da ake ba shi kullum kuwa a hankali abin zai taru masa. Dalilin da ya sa tun farko muka zaɓi ƙananan kifaye masu gajeren rai ke nan. Wani ya kawo mana kifin da aka adana da gishiri, muka ce gishirin da ke cikinsa ya fi ƙarfin kare, balle tsoho mai ciwon ƙoda ko zuciya. Wani kuma ya ba mu shawarar da mutane da yawa suke bi: a cika gari, a ɗiga ɗan ƙamshin kifi, a rubuta kifi da manyan baƙaƙe a jikin leda. Kare zai ci, har ya kaɗa wutsiya. Sai dai abin da kuke biya dominsa, wato maiƙon omega-3 mai taimakon fata da gashi da gaɓoɓi, ba ya cikin ƙamshi. In muka yi haka za ku gane cikin 'yan watanni, lokacin da gashin ya daina sheƙi, mu kuma da wane ido za mu dube ku?

Mun kuma ji ana yaɗa cewa mun canza kifi a ɓoye, wai shi ya sa muka yi shiru. Wanda ya fara wannan magana bai taɓa tsayawa a gefen teburinmu ba, ya ga yadda ake bin dafaffen kifi da yatsa ana zare ƙaya ɗaya bayan ɗaya, a baje tsokar a faranti a sake bi a karo na biyu. Aiki ne mai cin rai da ciwon baya, kuma babu injin da yake yi mana shi. Da muna son ha'inci, da ba mu zauna da tanda a kashe ba alhali kuɗin haya yana tafiya.

Game da abin da muke yi yanzu, muna tattaunawa da wasu masu kawo kifi, akwai kuma wanda muke sa rai da shi, amma sai mun gwada kayansa mun gamsu. Ba za mu sa rana ba, domin ba ma son mu faɗi abin da za mu zo muna ba da haƙuri a kansa. Nan ba da jimawa ba dai, in Allah ya yarda. Farashi zai ɗan motsa, girman wasu ledoji ma wataƙila ya canza, za mu sanar da ku idan komai ya daidaita.

Kafin nan, mun san akwai karnukan da suka saba, wasu ma da shi ake lallaɓa su su haɗiye magani. Saboda haka ga yadda za ku yi a gida, ko da yake mai sana'a bai cika son koya wa abokin ciniki sana'arsa ba. Ku nemi kifi sabo wanda kuka yarda da sanyinsa, ko sardin na gwangwani wanda yake cikin ruwa, ba a ƙara masa gishiri ba. Na cikin miya ko mai yaji ku bar shi. In sabo ne ku dafa shi ko ku turara har tsakiyarsa ta kai digiri 63, tsokar ta yi fari tana rabuwa da kanta. Ku bari ya huce, ku zare ƙaya da hannu, kada ku dogara da injin niƙa ya ɓoye muku ita. Ƙayar sardin na gwangwani ta riga ta yi laushi, tana murƙushewa tsakanin yatsu, wannan babu damuwa. Sai ku haɗa da dafaffiyar kabewa ko dankali mai zaƙi, ƙwai ɗaya, da garin ots daidai yadda ƙullin zai daina manne wa hannu. Ku murza shi ya yi faɗi, kaurinsa kada ya kai na ɗan yatsa, ku yanka ƙanana, ku gasa a wuta digiri 175 kamar minti 20 zuwa 25. In kuna son ya yi ƙaras-ƙaras, ku rage wutar sosai ku bar shi ya ƙarasa bushewa a ciki. Ku karya ɗaya ku duba: in tsakiyar tana da danshi bai yi ba, kuma fumfuna za ta riga karen cinye shi.

A nan ne muke son ku saurare mu da kyau. Kada albasa ko tafarnuwa su kusanci ƙullin, ɗanye ko dafaffe ko gari, domin suna lalata jajayen ƙwayoyin jinin kare. Kada gishiri, kada sinadarin ɗanɗano. In za ku ƙara man gyaɗa na kwalba, ku karanta jikinsa, wasu suna da abin zaƙi mai suna zilitol, wanda kaɗan daga cikinsa yake iya faɗar da sukarin jinin kare ya kuma taɓa hanta. Ɗanyen kifi ma mu ba ma goyon bayansa, duk da yayin da ake yi. Wasu kifaye, kamar kaf da herin, suna da wani sinadari da yake rusa bitamin B1, wuta ce take kashe ƙarfinsa. Ɗanyen salmon na arewa maso yammacin Amurka kuwa yana iya ɗauke da wata 'yar tsutsa mai ƙwayar cuta, wadda take iya kashe kare cikin makonni biyu in ba a kai shi wurin likitan dabbobi ba. Abin da kuka gasa ku sa a firji ku ƙarar cikin 'yan kwanaki, sauran ya tafi firiza. Maiƙon kifi yana saurin lalacewa idan ya sha iska da zafi, da kun ji warin ya sauya ku zubar. Sannan ƙwalama ƙwalama ce, kada ta wuce kashi 10 cikin 100 na abin da kare yake ci a yini. Karen da ya taɓa kumburin fankiriyas, wato gaɓar cikin da take daidaita sukarin jini, ko wanda ba a taɓa ba shi kifi ba, a fara tambayar likitansa, a kuma fara da ɗan kaɗan.

Akwai mutanen da ba za mu rufe wannan wasiƙa ba sai mun gode musu, sun san kansu. Baiwar Allahn nan da tsohuwar karyarta ta zubar da haƙora, wadda dominta muka fara yin mai laushi, har ya zama kaya na musamman da wasu suke nema. Mai horar da karnuka da yake sa mu yanka masa ƙanana ƙwarai, yana tsaye yana cewa a ƙara ragewa. Maigidan da ya fara zuwa da ɗan kwikwiyo a hannu, yau karen furfura ta fito masa a baki, bai taɓa tsallake wata bai aiko ba. Likitan dabbobin da ta riƙa tura mana mutane tun ba mu da ko tambari a jikin leda, ba ta taɓa neman komai a wurinmu ba. Da waɗanda suka kira cikin wannan hali suka tambayi lafiyarmu kafin su tambayi kayansu. Allah ya saka muku da alheri, ya bar zumunci.

Mun san wasu sun riga sun koma saye a wani wuri. Ba mu riƙe ku a zuci ba, kare ba ya jiran dillali. Roƙonmu dai ku juya ledar ku karanta, ku ga ko an faɗi sunan kifin, ko kuwa an rubuta kifi kawai an wuce, ku kuma duba ko shi ne na farko a jerin kayan haɗin. Wanda ya riga ya biya kuma yana son kuɗinsa, ya yi mana magana ta inda ya saba, za a mayar masa ba tare da ja-in-ja ba. Wanda zai iya ƙara mana haƙuri kuwa, sunansa yana rubuce, kuma kayan farko da za su fito daga tanda nasa ne, bisa layin da aka biya.

Naku a kullum,
Mu da muke gasa muku, tare da dukkan ma'aikatanmu.