Kafin a Yanke wa Gurgun Kare Hukunci, a Bari Likita Ya Duba Ƙafar

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka mai farin jini domin in yi magana a kan wani lamari da ya raba kan mutanen layinmu a Tudun Wadan Zariya, wato makomar wani kare da wani matashi ya tsinto a bakin titi bayan mota ta buge shi. Karen ya rayu, yana ci yana sha, amma ƙafarsa ta gaba ta saki, jan ta yake yi a ƙasa, har bayan dagin ya saɓule ya zama gyambo, ƙudaje na bin sa. Wasu sun ce a kai shi wurin mai ɗori, wasu sun ce a kashe shi kowa ya huta, da kuwa aka ambaci yanke ƙafar sai wani dattijo da nake girmamawa ya ce wannan zalunci ne.

A ganina ba a yanke irin wannan hukunci da kallon ido, domin ƙafar da ta saki tana iya zama karaya, ko gocewar gaɓa, ko mutuwar jijiya, kuma kowanne da maganinsa. Hoton ƙashi ne zai nuna karaya, sannan likita yakan matse yatsun dabbar ya ga ko tana jin zafi. Idan karaya ce, ana iya ɗaure ta ko a sa ƙarfe, ƙafar ta dawo aiki. Idan kuwa jijiya ce ta lalace, ɗori ba zai tsinana komai ba, hasali ma ɗaurin da aka tamke da karare yakan hana jini gudu har naman ya ruɓe. A nan sai a naɗe dagin, a riƙa wanke ciwon, a jira makonni ko 'yan watanni ko jijiyar za ta farfaɗo.

In ba ta farfaɗo ba, to, da dukkan ladabi ga dattijonmu, yankewar ita ce jinƙai. Ƙafar da ba ta ji kullum cikin sabon rauni take, kuma wani karen yakan ma riƙa gwaguyarta da kansa. Karnuka suna sabawa da ƙafa uku cikin ɗan lokaci, sai dai da yake ƙafafun gaba ne ke ɗauke da kusan kashi 60 cikin 100 na nauyin jiki, wajibi ne likita ya tabbatar da lafiyar sauran ukun, mai shi kuma ya hana shi yin ƙiba. Kashewa ba ta zama mafita sai likita ya ga, misali, ƙashin baya ya karye kuma azabar ba mai ƙarewa ba ce, sannan da allura ake yi, ba da jifa ko guba ba.

Mu mutanen Zariya ba mu da uzurin yin kame-kame, tunda ga asibitin koyarwa na likitancin dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru. Kafin a kai shi can, kada a ba shi magungunan ciwon jiki na mutane irin su ibuprofen da diclofenac, domin suna yi wa cikinsa da ƙodarsa illa. Kuma tunda ba a san tarihinsa ba, a ɗaure masa baki da tsumma kafin a taɓa ciwon, a nemi a yi masa rigakafin haukan kare. Duk wanda karen ya ciza ya wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, ya garzaya asibiti.

Masu cewa ɓarnar kuɗi ce ina tunatar da su hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito na mutumin da ya ɗebo ruwa da huffinsa ya shayar da kare mai ƙishirwa, Allah Ya gafarta masa. Matashin nan ba mai hali ba ne, shi ya sa muka soma karo-karo domin kuɗin mota da na hoto. Ina kira ga likitocin dabbobi na jihar Kaduna da su riƙa shiga gidajen rediyo suna bayyana wa jama'a inda za a kai dabbar da ta ji rauni da kuma kimanin abin da za a kashe.

Naka mai karatu,
daga Tudun Wada, Zariya