Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga kamfanin da ya haɗa mana kwamfutocin hannu a masana'anta

Yallaɓai Manaja, assalamu alaikum.

Ni ne mai kula da sito a wani kamfanin casar shinkafa da ke Sharaɗa a Kano. Na kira ofishinku har na gaji da jin "injiniya yana hanya", shi ya sa na kawo maganar bainar jama'a. Ban ambaci sunanku ba, kun dai san kanku.

Kwamfutocin hannu guda shida muka saya a wurinku domin shigar da lissafin buhuna tun daga sikelin mota har sito. Maganar gaskiya, jikinsu ba laifi. Ɗaya ta faɗo daga kan buhuna ko tsagewa ba ta yi ba, ƙurar ɓuntu ma ba ta shiga cikinsu. Amma ai ba guduma muka saya ba. Kwamfutar da ba ta aika lissafi, littafi da biro sun fi ta.

Yaronku ya zo haɗa mana netwok ranar Lahadi, injina a kashe, sito rabinsa wayam. Ya kafa rauta ɗaya, wato na'urar da ke raba Wi-Fi, a ofishin akanta, ya ga sandar sabis huɗu, ya ce an gama. Ran Litinin da aka tayar da injina, aka jibge shanshera har kusa da rufi, sai sabis ya ce ku nemo ni. Wani mai gyara da muka kira da kuɗinmu ya duba, ya ce an ɗaure kwamfutocin ne a kan zangon Wi-Fi na 5GHz kaɗai, wanda ya fi 2.4GHz sauri amma bai kai shi nisa ko ratsa bango ba. A rumfar da ke kwano da ƙarfe sama da ƙasa! Mai wannan sana'a bai san ƙarfe na tare Wi-Fi ba? Ya kuma gano biyu daga cikinsu lambar IP ɗaya aka ba su, wato lambar da netwok ke gane kowace na'ura da ita, shi ya sa in ɗaya ta hau sai ɗayar ta sauka.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne lokacin ɗauke wuta. Kafin janareta ya karɓa rauta ta mutu, in ta dawo kwamfutocin ba sa komawa da kansu. Makon jiya na tsaya ina kallon yaron sikeli ya ɗaga kwamfuta sama kamar mai neman wata, tireloli uku a layi, direbobi na ta zuba hon. Ƙarshe a bayan kwali ya rubuta nauyin. Da yamma lissafi ya ƙi haɗuwa, ni maigida ya tsare da tambaya, ba ku ba.

Ramin sim ɗin ma hoto ne, ba a saita APN ba, wato saitin da ke ba sim damar hawa intanet. Mu gyara da kanmu kuma ba hali, kun kulle saitin da lambar sirri kun tafi da ita.

Ku turo wanda ya san aiki, ranar aiki, injina na juyawa. Ya zagaya ya auna sabis lungu-lungu, ya ƙara na'urori a sito da bakin sikeli, ya sa wa rauta batirin ajiya, ya ba mu lambar sirrinmu a rubuce. In ba za ku iya ba kafin ƙarshen wata, kwalayen kayanku na nan ban yar ba, ku zo da kuɗinmu.

Wassalam,
Mai kula da sito, Sharaɗa, Kano.