Sallar Gani a Daura: A Ware wa Abincinmu Fili

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon ɗan fili a jaridarka in faɗi abin da ya tsaya mini a rai tun Sallar Gani da ta wuce. Duk shekara idan watan Rabi'ul Awwal ya kama, Daura takan cika ta batse. Baƙi na zuwa daga Katsina da Kano da Kazaure, wasu ma daga Magarya da Damagaram suke ƙetarowa. Su kalli hawa, su ji kakaki da tambari, su ga Mai Martaba Sarkin Daura, Alhaji Umar Faruk Umar, wanda yake kan karaga tun 2007. Kafin su juya sai an kai su rijiyar Kusugu, an ba su labarin Bayajidda da macijin da ya hana ɗibar ruwa sai ranar Juma'a, su kurɓi ruwan su yi hoto. To bayan ruwan fa, me muke ba su su ci?

Wani abokin aikina ya zo da iyalinsa daga Kaduna. Ban samu ganinsu ba sai bayan la'asar, na tambaye su abin da suka ci. Wai shinkafa da taliya a roba, a wani gidan abinci na bakin titi, irin wadda za su samu a ƙofar gidansu. Wallahi raina bai yi daɗi ba. Nan take na ja su gidan yayata.

Mun tarar ta sauke fura ke nan daga tukunya. Geron tun safe ta surfa shi, ta wanke, ta daka da citta da kanumfari da ɗan barkono, ta cura, ta dafa. A gabansu ta juye curin a turmi tana kirɓawa tana yayyafa ruwan zafi, tururi na tashi, ƙamshin citta ya cika tsakar gida. Da ta yi laushi ta mulmula, ta birkiɗa a gari, ta jera a faifai. Sannan ta jawo ƙwarya ta dama da kindirmo, ta miƙa wa matar abokina ludayi ta ce, "Bismillah, 'yar'uwa, ki sha ki ji ta Daura." Yaran da aka ce ba sa shan fura sai da suka suɗe ƙwaryar. Da yake a 'yan shekarun nan Gani tana faɗowa a ƙarshen damina, har tumu aka gasa musu, suna murzawa a tafin hannu suna hure ƙaiƙayi. Ƙaramin cikinsu bai taɓa sanin ana cin gero a kan zangarniyarsa ba.

Amma baƙo nawa ne yake da wanda zai ja shi cikin gida? Mafi yawan abincinmu mai daɗi bayan zaure yake, hannun matan da ba sa fitowa kasuwa. Shi ya sa nake kira ga masarauta da ƙaramar hukuma da 'yan kasuwarmu, a ware fili guda na kwana biyu ko uku lokacin Gani, a kafa rumfuna, a mayar da shi bikin abinci sosai. Baƙo ya san da safe zai tarar da koko da ƙosai, da waina ana juyawa a tanda ana zuba mata miyar taushe. Da rana ga dambu da zogale, ga ɗanwake da man gyaɗa da yaji, ga tuwon dawa miyar kuka da man shanu. Da yamma mahauta su hura wuta, tsire da balangu. Mai kilishi kuma a ba shi wuri ya yi aikinsa a idon jama'a, a ga yadda ake feɗe nama ya yi kamar takarda, a shanya, a tsoma a labu, a sake shanyawa kafin ya ga wuta. Abin sha namu sananne ne: zoɓo, kunun zaƙi, kunun gyaɗa, kunun tsamiya. Wanda ya zo daga nesa ya sani babu giya a taronmu, kuma ya ɗanɗana yajin kafin ya barbaɗa. Tsaraba ga alkaki da nakiya da dubulan, waɗanda yanzu an fi ganinsu a garar amarya.

Sharaɗi ɗaya ne ba zan sassauta a kai ba, tsafta. A tanadi ruwa mai kyau da wurin wanke hannu, a rufe nono da fura daga ƙuda da ƙurar dawaki, a rubuta farashi a kowace rumfa don kada a tsauwala wa baƙo saboda harshensa. Matar da ba za ta iya fitowa ba ta dafa a gida, ɗanta ko ƙaninta ya tsare mata rumfa, ribar ta koma hannunta.

Ku ma, Malam Edita, ina da roƙo a wurinku. Idan za ku turo wakili Gani mai zuwa, bayan ya gama da fada ya biyo unguwa. Yayata ta ce ƙofarta a buɗe take, a dai sanar da ita tun dare don ta jiƙa gero.

Naka mai karatu,
daga Daura, Jihar Katsina.