Gaisuwar Babbar Sallah daga bakin tafkin Two Jack

Banff, Kanada
Juma'a, 10 ga Zulhajji 1446

Zuwa ga Baba da Inna,

Assalamu alaikum. Barkanku da Sallah, Allah ya karɓi ibada, ya maimaita mana. Ina fata kuna lafiya, kuma ragon da Yaya ya zaɓa ya yi muku. Da muka idar da sallar Idi a Kalgari ku kun riga kun yi la'asar, domin awa 7 ke tsakaninmu, shi ya sa wayarmu ta zo a gurguje. Ga sauran labarin.

A nan ba a yanka a ƙofar gida. Mahauta ake ba wa suna da kuɗi, sai Litinin za mu karɓi namanmu. Ranar Sallah kuma ba hutu ba ce a ƙasar, mutum kan sauko daga Idi ya wuce wurin aiki, unguwa shiru, ba yaro mai yawon Sallah ko ɗaya. Wannan ya daɗe yana damuna saboda jikokinku. Da muka ga bana Sallah za ta faɗo ƙarshen mako, sai muka haɗa kai da wasu gidaje na mutanenmu, har da wani bawan Allah ɗan Maraɗi da iyalinsa, muka kama wurin kafa tanti a gandun Banff. Tun cikin hunturu ake buɗe rajistar ta intanet, wanda ya yi sanyin jiki ba ya samu.

Inna, na san abin da za ki ce: mai gida da gado me ya kai shi kwanan daji? Da kin ga wurin da kin yi mana uzuri. Tafiyar kamar awa ɗaya da rabi ce daga Kalgari, kana cikin fili shimfiɗaɗɗe sai duwatsun Roki su taso a gabanka, kawunansu fari fat da ƙanƙara duk da ana cikin watan Yuni. Wannan ne gandun ƙasa na farko a Kanada, tun 1885, kuma asalinsa maɓuɓɓugar ruwan zafi ce da wasu ma'aikatan layin dogo suka ci karo da ita a 1883. Baba, ina jin haka sai Wikki ta faɗo mini a rai, sai dai ruwan nan yana warin kibiritu, namu na Yankari kuwa garau yake.

Tantinmu na kallon tafkin, dutsen Rundle kuma ya kwanta cikin ruwan kamar an zana shi. Yara sun tsoma ƙafa suka fito da gudu, ruwan ƙanƙara ne da ya narke. Maman yara ta zo da waina da miyar taushe a kula, ɗan Maraɗi ya zo da kilishi, ni na tsaya kan tsire da yajin da Gwaggo ta aiko. Wani dattijo Bature da ke tantin kusa ya biyo ƙamshi, muka ba shi, ya ci yana share hawaye yana neman ƙari. An shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin itatuwa, manya da yara cikin kayan Sallah, an sha hira da Hausa tun azahar. Rabon da in ji Sallah a jikina haka tun ina gida.

Dokar wurin da tsauri, kuma na ga amfaninta. Akwai beyar a dajin, dabba ce mai jin ƙamshi daga nesa, saboda haka ba a barin ko cokali mai maiƙo a waje, komai sai a kulle a mota kafin a kwanta. Wanda aka kama yana ba namun daji abinci, tararsa na iya kai dala 25,000. Hura wuta ma sai an biya kuɗin izini, sannan a ɗebi itace a wurinsu. Har gadoji aka gina bisa babban titi, aka rufe su da ƙasa da ciyawa, don dabbobi su tsallaka ba tare da mota ta buge su ba. Kada hankalinku ya tashi, ma'aikatan gandun na zagayawa, kuma muna kiyayewa.

Rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe goma saura, ga asuba da wuri, barcin kaɗan ne. Da dare sanyi kan sauko sosai, kowa da rigar sanyi a kan babbar riga. Gobe in Allah ya kai mu za mu je tafkin Louise da na Moraine. Ruwansu shuɗi ne mai ɗaukar ido, saboda garin dutse da ƙanƙara ke niƙawa tana zubawa a ciki. Tun 2023 aka hana motocin mutane shiga hanyar Moraine, bas ake hawa, mun riga mun yanki tikiti.

Yaya, ga roƙona. Na ƙara wani abu a kan kuɗin da na turo, a kwashi yaran gida a kai su Yankari kafin hutu ya ƙare, su yi wanka a Wikki, su kwana can. Auta ta ɗauko hotuna, jikokin nan na son ganin giwa ta ƙasar ubansu.

A gaishe da Kawu da Gwaggo da duk maƙwabta, a kai wa Malam nasa kason naman da gaisuwata. Maman yara na gaishe ku, ta ce Inna ta saka ta a addu'a. Ranar Lahadi da yamma za mu koma gida, zan kira ku da safiyar Litinin.

Wassalam,
Ɗanku