Mai kuɗi a Gombe: a duba abin da ya shekara a hannun mutum

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, na rubuto ne a kan shirinku na kiran waya, wanda kuka tambayi masu sauraro ko naira nawa mutum zai mallaka kafin a kira shi mai kuɗi. Na ji masu cewa miliyan 10, na ji masu cewa sai miliyan 100, wani bawan Allah kuma ya ce duk wanda albashinsa ya kai dubu 300 a wata ya yi ban kwana da talauci. Duk amsoshin nan sun dame ni, domin irin wannan lissafi yana ɗora wa wasu nauyin da ba nasu ba, yana kuma sauke wa wasu nauyin da Allah ya ɗora musu.

Da farko dai, naira ba ta tsayawa wuri ɗaya balle a auna arzikin mutum da ita. Kujerar Hajji ta ishe mu misali. A 2023 kuɗinta kusan miliyan 3 ne, a 2025 kuwa ya haura miliyan 8. Tsakanin nan aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, aka saki naira a kasuwa a watan Yuni, dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta wuce 1,500 a 2024. Wanda ya ajiye miliyan 10 a banki a farkon 2023 zai iya biya wa mutum uku Makka. Bayan shekara biyu, mutum ɗaya kaɗai kuɗin za su kai. Bai ci ba, bai yi kyauta ba, ɓarawo bai shiga masa ba, amma arzikin ya zube. Naira biyar ɗin da ke ɗauke da hoton Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, yau ko yaro ka ba shi sai ya tsaya yana kallonka.

Yanzu a dubi mai albashin dubu 300 ɗin nan. Gaskiya ne ya ninka mafi ƙarancin albashi, wato naira 70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024, fiye da sau huɗu. Amma a ce yana da mutum goma sha biyu a gida, yana haya a Tumfure ko Pantami, yara shida na makaranta, tsofaffinsa na Dukku ko Nafaɗa suna jiran aike, ga maganin hawan jinin mahaifiya kowane wata. Kafin ashirin ga wata sunansa ya koma littafin bashin mai shago. Motar da ake ganinsa da ita ma rancen ƙungiyar adashin ofis ce, ana yanka a albashi. Kuɗin nan ruwa ne a kwando. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma dangi mota suke gani da guga a jikin shadda. Haihuwa a zo wurinsa, aure a zo wurinsa, kuɗin jarrabawar ɗan ƙanwa a zo wurinsa. Ranar da ya ce babu, sai a ce ya samu duniya ya manta da zumunci. 'Yan'uwa da yawa sun daina gaisawa a kan wannan. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, ma'aikacin da aka matsa wa lamba irin haka, wata rana hannunsa zai kai ga abin da ba nasa ba don ya fita kunyar mutane. Kuma a zamanin da masu garkuwa da mutane ke aiki da jita-jita, laƙaba wa mutum sunan mai kuɗi ba ƙaramin abu ba ne.

A gefe guda, ka shiga kasuwar Tudun Hatsi da kaka. Za ka ga mutum da koɗaɗɗiyar riga da silifa yana zaune a kan benci, alhali yana da sito cike da masara da wake, ga shanu a hannun makiyaya a daji. Ban ce ya yi laifi ba, sana'arsa ce, kuma da yawansu masu alheri ne a ɓoye. Amma a shirin nan babu wanda ya ambaci irinsa, saboda idonmu ya saba da albashi da mota da gilashin bene.

Malam Edita, muna da ma'auni tun kafin a buga naira a 1973, shi ne nisabin zakka. Dinari 20 na zinariya, kimanin giram 85, ko dirhami 200 na azurfa, idan suka shekara a hannun mutum, sai ya fitar da kashi ɗaya cikin arba'in. Shanu kuwa daga 30 ake farawa, tumaki da awaki daga 40, raƙuma daga 5. Hatsi idan ya kai sa'i 300, wato wajen kilo 650, buhu shida da rabi ke nan na mai kilo 100, ana fitar da ɗaya cikin goma ranar girbi in ruwan sama ne ya shayar da shi, ɗaya cikin ashirin in da wahalar ban ruwa aka noma. Ka lura da hikimar da ke ciki. A kuɗi da dabbobi ba a tambayi nawa ke shigowa a wata ba. An tambayi me ya saura, ya kwana, ya tashi, har shekara ta zagayo buƙata ba ta cinye shi ba. Kuma da zinariya da shanu da hatsi aka auna, abubuwan da faɗuwar naira ba ta narkar da su. Ko maƙwabtanmu Kirista na Billiri da Kaltungo, waɗanda zakka ba ta hau kansu ba, na tabbata za su yarda cewa abin da ya rage wa mutum bayan shekara ya fi takardar albashi faɗin gaskiyar halinsa.

Da wannan ma'auni, ma'aikacin can da yake karɓar miliyan 3 da dubu 600 a shekara amma bai taɓa ajiye ko dubu ɗari ba, ba mai kuɗi ba ne. Mai shanu arba'in da ke kwana a bukka kuwa akwai haƙƙin talaka a kansa.

Na san za a ce mini mai nisabi ai ba attajiri ba ne, ina shi ina Alhassan Ɗantata a zamaninsa ko Aliko Ɗangote a yau. Haka ne. Ko sabuwar dokar haraji da aka sa wa hannu a 2025 sai abin da mutum ke samu ya wuce miliyan 50 a shekara kafin ya shiga ajin ƙoli na kashi 25 cikin ɗari, ta kuma yafe wa naira dubu 800 na farko. Amma mu a nan tambayar da ke gabanmu ita ce wa ya kamata ya bayar, wa ya kamata ya karɓa. Rahoton Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2022 ya ce 'yan Najeriya miliyan 133 na cikin talauci ta fuskoki daban-daban, kashi 63 cikin ɗari ke nan, kuma Gombe na cikin jihohin da abin ya fi tsanani. A irin wannan jiha, wanda ya ce sai miliyan 100 ake zama mai kuɗi ya buɗe ƙofa ga mai miliyan 30 a ajiye ya riƙa cewa "mu talakawa", ya wuce marayun layinsu da zuciya sakayau. Wannan shi ne abin da ya fi ƙona mini rai a cikin amsoshin. Kowa yana kallon na samansa don ya samu hujjar ƙin duba na ƙasansa.

Don haka ina roƙonku abu biyu. Ku riƙa sanar da nisabin zakka a naira duk farkon watan Musulunci, kamar yadda kuke karanto farashin kayan abinci, domin farashin zinariya na hawa da sauka, kuma a 2025 nisabinta ya haura miliyan 10. Sannan kafin kaka ta kama, ku gayyato malamin fiƙihu ya zauna tare da manomi da ɗan kasuwar hatsi, a buɗe waya. A yi wa mutane bayanin bambancin mai juya kaya kullum da mai ajiye kaya yana jiran farashi, tunda a mazhabar Malikiyya hukuncinsu ba ɗaya ba ne, a kuma fayyace matsayin wanda bashi ya yi wa katutu. Manoman rani na Dadin Kowa ma suna da tambayoyi a kan kuɗin taki da na man injin ban ruwa, a ba su dama su yi.

Allah ya ƙara wa gidanku ɗaukaka.

Naka mai sauraro,
daga unguwar Jekadafari, Gombe