Kafin Ka Sayi Gong, Ka Saurare Shi Tukuna

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka in yi magana a kan gong, faifan tagullar nan da ake ratayewa a buga. Ɗalibaina na kiɗa sun ishe ni da tambayar wanne za su saya, ni kuwa da kuɗina na sayi amsar.

Na farkon da na mallaka, hotonsa kawai na gani, girmansa ya ruɗe ni: inci 36. Ranar da ya iso na rataye shi, na zage na zabga masa sanda a tsakiya. Sai ka ce an kifar da tulin kwanuka. Yini na yi kunnena na shuu, faifan kuma ya yi wata biyu jingine da bango.

Ashe iri biyu ne manya, ban sani ba. Akwai mai cibiya a tsakiya, irin na kiɗan gamelan a tsibiran Jaba da Bali na Indunusiya. Shi murya guda yake fitarwa tsayayya, kuma a kan cibiyar ake bugunsa. Akwai kuma shimfiɗaɗɗe irin na ƙasar Sin, wanda maƙeran Wuhan suka yi suna a kansa, Turawa na ce masa tam-tam. Wannan ba shi da murya guda, amonsa buɗewa yake yi a hankali kamar cida daga nesa. Shi ne nawa, kuma ɗan gefen tsakiya ake taɓa shi.

Yawancin na Sin tagulla ce, wajen kashi 80 jan ƙarfe, 20 kuza, kuma da guduma ake ƙera su, shi ya sa biyu masu girma ɗaya ba sa yin amo ɗaya. Kamfanin Paiste kuwa da wani haɗin ƙarfe mai nikel yake yin nasa a Jamus. Don haka sunan kamfani da inci ba su isa shaida ba. A buga maka ainihin wanda za ka ɗauka, ka ji farkon amon, ka jira har ya mutu. In ka ji zizar da ba ta dace ba, wataƙila tsaga ce, ka bar shi. A ganina inci 20 zuwa 24 ya ishi mai koyo, ballantana a ƙaramin ɗaki.

Bugun ne dai mutane suka fi rainawa. Sandar ta zama mai kai mai laushi, naɗe da ulu, nauyinta daidai da faifan. Ƙarfe ko busasshen ice kada su kusance shi. Kafin babban bugu sai ka tashe shi: ka ɗan taɓa, ka sake taɓawa, har ka ji ya fara gurnani, sannan ka ƙara ƙarfi kaɗan kaɗan. Daga wuyan hannu bugun yake fitowa, kada ka sa kafaɗa. In kana son ya yi shiru, ka jingina masa kan sandar ko tafin hannu. Igiyar ma ta bar shi ya yi lilo ba tare da ya taɓa maratayi ko bango ba.

Ni yanzu, sabon ɗalibi sai ya yi mako guda yana tashin faifan kawai kafin in yarda ya ɗaga hannu sama.

Naka,
Wani malamin kiɗa