Sanarwa: kalmomin yagewa da lalacewa a Turanci

Assalamu alaikum ƴan uwa masu shirin WAEC. Na duba rubutunku na jiya, kuma abu ɗaya ya dame ni: komai ya lalace sai ku ce "tear".

"Tear" na takarda ne ko yadi, abin da ake yagawa. In an fizge shi da ƙarfi har ya ɓarke, "rip" ya fi dacewa. "Shred" kuwa yayyagawa ce ƙanana-ƙanana. Kofin tangaran ba ya yagewa, fashewa yake, don haka "break".

Inda aka fi tuntuɓe shi ne "damage". Ɓarna ce, sau da yawa mai gyaruwa; "destroy" ba sauran gyara. Ku kula, "damages" a kotu diyya ce.

Kowa ya turo jimla uku kafin magariba, don Allah.